Akwatin Kawu Muttaka Mai Tera Arba'in

Sitidiyon marigayi Malam Yusuf mai hoto yana unguwar Amriguébé a Njamena, tsakanin shagon wani mai faci da rumfar wata mata mai turaren wuta. Tun da ya rasu, 'yarsa Bahijja ke riƙe da wurin. Ta gaji kyamarori, ta gaji tsofaffin kwamfutoci biyu masu ƙugi kamar injin markaɗe, ta kuma gaji Baba Shu'aibu, mutumin Damagaram wanda ke yi wa mahaifinta montaj, wato haɗa fim, tun tana goye. Amma abin da ya fi komai nauyi cikin gadon shi ne ajiya. Da wuya a sami bikin aure ko suna ko tarbar alhazai da Hausawan Njamena suka yi tun zamanin kaset wanda ba ya nan. Wasu na kan kaset ɗin har yanzu, mafi yawa kuma an juye su cikin ƙananan diski da ke jibge a kwalayen madara ƙarƙashin benci. Idan mutum ya zo neman bikin uwarsa, sai an durƙusa, an jawo kwali, an yi ta jona diski ɗaya bayan ɗaya ana atishawa.

Wannan durƙuson ne ya ishe ta. Wata rana ana shan shayi a gidansu ta yi ƙorafinsa a gaban Kawu Muttaka, ƙanin mahaifiyarta, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai sarin yadi da turare. Ba roƙonsa ta yi ba, magana ce kawai ta fito. Sai dai Kawu Muttaka ba mutumin da ake kuka a gabansa ya yi shiru ba ne. Da ya dawo daga tafiya sai ga shi a ƙofar sitidiyo, ya sa an sauke wani baƙin akwati mai kama da ƙaramin firij, da 'yan fitilu shuɗaye a gaba.

"Tera arba'in," ya ce, yana shafa bayan akwatin kamar mai tallan rago. "Mai shagon ya rantse mini, ko duk ƙasar Cadi kika ɗauka a hoto ba za ki cika shi ba. Ki jona shi da rezo, wayar nan mai haɗa kwamfutoci, kowace kwamfuta ta gan shi daga inda take. Kin bar durƙuso, 'yata."

Bahijja ta yi godiya har da ƙwalla. Ta jona akwatin da kwamfutarta ta hannu, sabuwa, ta shiga juye ajiyar mahaifinta a ciki. Aiki ne da ya ci makonni. Ta ware wa kowane gida jakarsa da sunansa: gidan wane, gidan wane. Lokacin kuwa lokacin bukukuwa ne, masu ɗauko mata hoto kullum suna neman inda za su zuba sabon aiki. Don haka duk diskin da ta juye sai ta goge shi ta miƙa musu. Kwalayen madara suka yi ta raguwa har ƙarƙashin benci ya zama fili. Ta share wurin da kanta, ta ji kamar an sauke mata dutse.

Ana haka Hajiya Inno ta zo daga unguwar Farcha. Tsohuwa ce doguwa, matar marigayi Alhaji Dawuda dillalin shanu, irin matan da idan suka shigo wuri kowa ke gyara zama. Jikarta A'isha Humaira za a aurar, dangi kuma za su zo har daga Sudan da Saudiyya. Abin da ya kawo ta shi ne, ranar sunan wannan yarinya Malam Yusuf ya ɗauki Alhaji Dawuda yana zaune kan darduma yana ba da labarin kakansa, wanda ya taso daga Kano da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan zauna ya nemi na gaba, zaman da har yau zuriyarsa ke yi. Hajiya tana so a haɗa wannan da sauran hotunan gidan, a haska a majigi ranar biki, baƙi su ji daga bakin mai gidan.

"Ku zauna, Hajiya," in ji Bahijja da fara'arta. "Da can sai in ce ku dawo jibi. Yanzu kam kafin shayinku ya huce kun gani. Baba Shu'aibu, buɗe mana gidan Alhaji Dawuda."

Baba Shu'aibu ya gyara tabarau, ya latsa jakar a tsohuwar kwamfutarsa. Jakar ta ƙi buɗewa. Wani ɗan saƙo ya fito da Faransanci yana cewa lambar ta yi girma. Ya sake latsawa, saƙon ya sake fitowa. Don ya gwada ko rezo ne ya yanke, sai ya latsa jakar da ke kusa, ta gidan Alhaji Abbas. Nan take kiɗa ya cika ɗakin, ga mata ana rawa, ga raguna jere a kan wuta.

Alhaji Abbas kuwa shi ne wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da marigayi Alhaji Dawuda a kasuwar shanu.

Hajiya Inno ta ajiye kofin shayi a hankali. "To," ta ce. "Na gidan Abbas kam ga shi nan, har da raguna. Namu ne ya yi girma."

"Wallahi ba haka ba ne, Hajiya."

"Ni ban ce komai ba, 'yar nan. Abin da idona ya gani na faɗa."

Bahijja ta tuna ta riga ta goge diskin da abin yake ciki. Ta jawo kwamfutarta ta hannu, ta shiga akwatin ta rezon nan dai guda, ta latsa jakar. Sai ga ta ta buɗe sarai. Ga Alhaji Dawuda kan darduma da farar hula, yana gyara murya. Ta juya wa Hajiya fuskar kwamfutar. Tsohuwar ta kalli mijinta, sannan ta ja mayafi ta miƙe.

"Tunda yana nan, kalas, magana ta ƙare. Ku haɗa mini. Amma kada ranar biki a haska mini gidan Abbas."

Da ta fita, Bahijja ta zauna ta dafe kai. Abin yana nan, wannan alhamdu lillahi. Matsalar ita ce aikin ba a kwamfutarta ake yi ba. Manhajar da Baba Shu'aibu ya iya, wadda yatsunsa suka haddace kamar carbi, ba ta hawa sabuwar kwamfuta. Na'urar da ke juye kaset ma tsohuwar kaɗai take ganewa, ga shi rabin hotunan gidan Alhaji Dawuda na can kan kaset. Dole dai tsohuwar kwamfuta ta ga abin da ke cikin akwatin.

Ta canza wayar rezo. Ta kashe komai ta kunna. Ta canza wa jakar suna, ta gajarta shi, ta cire alamun Faransanci da ke kan haruffa. Ta gwada ɗaya tsohuwar kwamfutar, ita ma saƙon nan dai. Da suka zauna suka bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar ba gidan Alhaji Dawuda kaɗai ba ne. Kusan rabin ajiyar haka take. Kuma babu wani tsari da mutum zai kama. Wani bikin tsoho ya buɗe, wani tsoho ya ƙi. Wani fim ƙarami ya ƙi, wani ƙato ya buɗe. A cikin jaka ɗaya ma sai ka ga ɗaurin aure ya fito, kai amarya ya ɓace. Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne ta ɗauki fayil da ya buɗe, ta yi kwafinsa a wata jaka, kwafin ya ƙi buɗewa.

"Wace lamba ce ta yi girma?" ta tambayi fuskar kwamfutar da ƙarfi. "Ni na ba ka lamba? Fim na ce ka buɗe!"

Baba Shu'aibu ya cire tabarau yana goge su da bakin riga. "Ni dai tun ranar da aka sauke abin nan ban yarda da shi ba. Abu baƙi ƙirin, ba ya ƙara, ba ya zafi. Kayan Dubai ai iri biyu ne, na gaske da na jabu. Tera arba'in a kwali, Allah kaɗai ya san nawa ne a ciki."

"Baba, don Allah kada ka faɗi haka a waje."

Ai kuwa ya riga ya faɗa. Da ya fita sallar la'asar ya tsaya wurin mai faci, mai faci kuma ba ya riƙe iska a taya balle magana a ciki. Kafin a kwana biyu zancen ya isa babbar kasuwa, ya shiga layin 'yan yadi, ya kuma ƙara ƙiba a hanya. Aka ce an sayar wa Muttaka fankon akwati a Dubai, an liƙa masa fitilu a gaba. Aka ce ya cinye wa marayu ajiyar ubansu. Wani ma ya ce a cikin akwatin bulo aka samu.

Mahaifiyar Bahijja ce ta fara kira. "Me kika yi wa ƙanina? Tun jiya bai ci abinci ba." Bahijja ba ta gama bayani ba sai ga motar Kawu Muttaka ta tsaya a ƙofa. Ya shigo bai amsa gaisuwa ba, babbar rigarsa na shara.

"Bahijja, tun kafin a haife ki nake shiga Dubai. Ban taɓa sayen yadi aka ce ya koɗe ba. Yau a kan kyauta, kyautar da ba ki roƙe ni ba, ake nuna ni da baki a kasuwa?"

"Kawu, ku yi haƙuri, ni ban ce na jabu ba ne."

"To wa ya ce?"

Baba Shu'aibu ya duƙufa kan kwamfutarsa kamar wanda aka ba aikin gaggawa.

"Ku duba nan," in ji Bahijja. Ta nuna masa a kwamfutarta, komai na buɗewa. Ta nuna masa a ta Baba Shu'aibu, rabi ya ƙi. Kawu ya kalli wannan, ya kalli waccan.

"To ai ga shi yana aiki!"

"A nan yana yi. A can ba ya yi."

"Abu ko yana aiki ko ba ya yi. Wane irin zance ne a nan yana yi a can ba ya yi? In ya lalace ki faɗa mini, in ɗauke shi in mayar wa mutumin nan, in ci masa mutunci a gaban shagonsa."

"Kawu, duk aikin mahaifina yana ciki! In kuka ɗauke shi me ya rage mini?"

"To ki mayar da su inda kika kwaso."

Inda ta kwaso su yana yawo cikin jakunkunan masu ɗaukar hoto, cike da bukukuwan wasu mutane.

Da yamma Bahijja ta tari kilando, ɗan acaɓan garin, ya kai ta unguwar Kabalaye gidan ƙawarta Hanatu. Tare suka yi makarantar lise, wato sakandare, Hanatu ta wuce ta karanci harkar rezo, yanzu ita ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar agaji. Ta same ta a tsakar gida tana tsinke kuɓewa. Bahijja ta zube kan tabarma ta kwashe labari tun daga kwalayen madara har zuwa bulo. Hanatu ta yi dariya har ta ajiye wuƙa.

"Ke dariya ma kike yi."

"Yi haƙuri, bulon ne ya kashe ni. Me saƙon ya ce daidai?"

"Wai lambar ta yi girma."

"Kwamfutocin nan na babanki ne, tun na da?"

"Su ne."

"Ina jin na san ciwon. Amma sai na gani da idona. Ranar Asabar zan zo."

Ranar Asabar da hantsi Hanatu ta zo, ta tarar da ɗakin a cike. Kawu Muttaka ya ji labari, ya rufe shago ya zo ya zauna kan kujerar baƙi, ya harɗe hannu. Baba Shu'aibu na gefe ya sha kunu. Hanatu ta gaishe su, ta zauna gaban kwamfutar Bahijja, ta buɗe wani baƙin allo ta yi 'yan rubuce-rubuce. Jerin sunayen fina-finai ya fito, kowanne da lamba a gabansa. Ta kira Bahijja.

"Dubi bikin gidan Alhaji Abbas. Kin ga lambarsa?"

"Na gani."

"Dubi na gidan Alhaji Dawuda."

Lambar ta fi waccan tsawo nesa ba kusa ba.

Hanatu ta juyo ta yi bayani yadda kowa zai ji. Ta ce duk abin da aka ajiye a cikin akwatin, ban da sunan da mutum ya ba shi, akwatin na ba shi lamba tasa, kamar lambar rumfa a kasuwa. Idan ajiya ƙarama ce lambobin gajeru ne. Amma wannan fili ne mai faɗin gaske, kuma akwatin ba ya jera kaya daga bakin ƙofa, watsa su yake yi ko'ina. Abin da ya faɗa kusa ya sami gajeriyar lamba, abin da ya faɗa can ƙurya ya sami doguwa. Tsofaffin kwamfutocin kuwa an gina su ne a zamanin da ba wanda ya zaci ajiya za ta kai haka, ƙirgensu yana da iyaka. Idan akwatin ya aiko musu ta rezo da lambar da ta wuce iyakar, sai su ce ba su san zancen ba.

Kawu Muttaka ya saki hannuwansa. "Tsaya, 'yata. Kina nufin akwatin lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Kawu. Tera arba'in ɗin nan cif suke."

"Girma ya yi musu?"

"Girma ya yi musu."

Fuskar Kawu ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Ya miƙe ya shafa bayan akwatin. "Kun ji ko? Girma ya yi! Malam Shu'aibu, ka ji da kunnenka? Ba kayana ne ƙarya ba, naka ne ba su iya ƙirge ba."

Baba Shu'aibu ya miƙe shi ma. "Injin nan da kake gani, da shi aka haɗa bikin aurenka na fari har da sunan 'ya'yanka. Bai taɓa ce mini lamba ta yi girma ba sai da ka kawo baƙon abu."

"To a zubar da su a sayi sababbi mana!"

"A zubar da ni tare da su ke nan."

"Don girman Allah ku saurara!" Bahijja ba ta san ta ɗaga murya haka ba sai da ta ga duka biyun sun juyo suna kallonta. Ta sassauta. "Ku gafarce ni. Biki saura 'yan kwanaki, ni kuma ba wanda ya fi gaskiya nake nema ba. Hanatu, mene ne magani?"

Hanatu ta ce akwai dabarar da ake sa kwamfuta ta riƙa datse lambobin, amma ba ta yarda da ita ba, don fim biyu na iya karo a lamba ɗaya, a nemi suna a sami ta'aziyya. Akwatin kuma irin rufaffen nan ne, ba ya bari a shiga cikinsa a canza yadda yake rabon lamba. Abin da ya rage shi ne a raba shi: a yanke ɗan ƙaramin ɗaki wanda lambobinsa ba za su wuce iyaka ba, a ba tsofaffin kwamfutoci shi su yi aiki a ciki, sauran ya zauna babban rumbu wanda sabuwar kwamfuta ke shiga.

"To a raba yanzu," in ji Bahijja.

"Ba a raba shi da kaya a ciki. Sai an kwashe komai, an goge, an raba, an mayar."

"A kwashe a kai ina?"

"Ina tsofaffin diskin da kika juyo?"

Bahijja ta kalli ƙarƙashin benci, inda ta share fes da hannunta. Ta ji kamar ta kwanta a wurin ta yi ta birgima.

Ba a raba akwatin kafin biki ba, lokaci bai isa ba. Hanatu ta ce a yi abin da kakanni suka yi kafin a ƙirƙiro rezo, wato a ɗauka da hannu. Bahijja ta samo ɗan makullin ajiya, wato filash, ta soka a kwamfutarta don ta kwafi hirar Alhaji Dawuda ta kai wa Baba Shu'aibu, wanda kujerarsa ba ta fi taku kaɗan daga tata ba. Kwafin ya fara, ya yi nisa, sai ya tsaya. Saƙo ya fito: fayil ɗin ya yi wa makullin girma.

"Makullin fanko ne!" ta ce da Hanatu a waya. "Babu komai a ciki! Ya fi fim ɗin girma sau nawa!"

"Na sani. Irin tsarin da aka yi masa ne, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga huɗu."

"Shi ma da tasa iyakar?"

"Kowa da tasa, 'yar'uwa."

"Wane ne yake zama yana yanka wa abubuwa iyaka bai gaya wa kowa ba? A nuna mini gidansu!"

Hanatu ta koya mata yadda za ta sake wa makullin tsari. Aka yi, ya karɓa. Haka Bahijja ta wuni tana zirga-zirga tsakanin tebur biyu, ta cika a nan ta juye a can, wayar rezo sabuwa dal tana kwance a ƙasa tana harɗe mata ƙafa. Baba Shu'aibu, da yake ransa a ɓace yake, ya yi aikin da ya fi kowane kyau don ya nuna injinsa bai mutu ba. Ya juye kaset-kaset ɗin, ya gyara muryar Alhaji Dawuda har ana jin numfashinsa, ya jera hotunan gidan tun daga na fari da baƙi.

Ranar biki a Farcha aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka rataya farin zane a bango. Bayan magariba, da aka ci aka sha, Bahijja ta kunna majigi. Alhaji Dawuda ya fito kan zanen, ya gyara hula, ya ce, "To, kakanmu dai ba zama ya zo yi ba." Wani dattijo da ya zo daga Sudan, wanda Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, ya matso gaba da kujerarsa. Da marigayin ya ambaci sunan ƙanin kakan, wanda shi ya ci gaba da tafiya gabas bai dawo ba, dattijon ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, "Kakana ke nan!" Mata suka ɗauki guɗa, wasu na share hawaye. Amarya ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa.

Da aka tashi Hajiya Inno ta aika aka kira Bahijja. Ta kama hannunta ta riƙe. "Ubanki ya iya aiki, ke ma kin iya. Allah ya yi miki albarka." "Amma muryar ta so ta yi ƙasa a farko."

"Za a gyara a kwafinku, Hajiya."

Bayan biki aka shiga aikin raba akwati, wanda ya fi na farko wahala. Sai da Bahijja ta bi gari tana aron diski. Hanatu ta ba da nata na gida. Wani mai sitidiyo a Kabalaye, wanda suke hamayya da shi a kan bukukuwa, ya ba da nasa bayan ya sa ta maimaita labarin tun daga farko yana murmushi. Kawu Muttaka ya tattaro wasu daga abokansa na kasuwa, kowanne kuma sai da ya tsaya ya yi masa bayanin cewa kayansa girma suka yi wa injinan garin nan. Har ya fara cewa tafiya mai zuwa zai duba ko akwai mai tera tamanin. Bahijja ta roƙi mahaifiyarta ta yi masa magana.

Ƙarƙashin benci ya sake cika da diski, wannan karon na mutane, kowanne da sunan mai shi a jiki. Aka yi ta kwashewa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wani, aka sake daga farko. Da aka gama Bahijja ta ƙi yarda a goge akwatin sai da ta buɗe jakunkunan ta tabbatar da idonta, gida bayan gida, har idanunta suka yi ja. Hanatu ce ta latsa gogewar, don ita Bahijja ta ce hannunta ba zai iya ba, ta fita waje ta tsaya wurin mai turaren wuta har aka gama.

Yanzu akwatin ɗaki biyu ne. Ƙaramin na Baba Shu'aibu ne, yana ganinsa ta rezo, komai na buɗewa. Babban kuwa Bahijja kaɗai ke shiga. Idan aka zo neman tsohon biki, ita ke ɗauko shi daga rumbu ta sa masa a ɗakinsa, in ya gama ta mayar. Sai dai Baba Shu'aibu ba ya son a taɓa abin da ya gama. Yana cewa wataƙila mai shi ya dawo neman gyara. Don haka ƙaramin ɗakin kullum a cike yake maƙil, babban kuma fiye da rabinsa fili.

Wata safiya ta shigo ta same shi zaune ya zuba tagumi.

"Bahijja, abin nan ya ce wuri ya ƙare."

"Baba, na ce ka bar ni in kwashe waɗanda ka gama."

"Ban gama ba. Ina dai jiran in gani."

Ta ajiye jakarta, ta jawo kujera kusa da shi. "To buɗe mu gani. Wannan sunan, yaron ai har ya fara tafiya."

"Bar shi. Uwarsa ta ce waƙar ba ta yi mata ba."

"Wannan fa?"

"Shi ma bar shi."

Ta ja dogon numfashi, ta leƙa waje ta ce wa mai shayi ya kawo biyu, nata ya yi ƙarfi. Sannan ta dawo suka ci gaba daga na uku.